A daina raina Cooper Black

Kwanakin baya na shiga wani shagon buga takardu, sai na tarar ana ja-in-ja tsakanin matashin da ke zane a kwamfuta da wani dattijo mai sayar da hatsi, wanda ya zo a yi masa allon shago. Dattijon ya nuna wasu haruffa masu kauri da kumburi a jikin tsohuwar kalandar da ke rataye a bango, ya ce irinsu yake so. Yaron ya yamutsa fuska ya ce, "Baba, wannan ai tsohon yayi ne, rubutun ƙauye. Bari in sa maka na zamani." Ya zaɓo wasu sirara ya jera. Dattijon ya ja da baya, ya ƙanƙance ido, ya ce, "Ɗana, ni ban ga komai ba."

Abin ya tsaya mini a rai, domin na san haruffan da yaron ya raina. Sunansu Cooper Black, kuma sun haura shekara ɗari a duniya.

Ra'ayina shi ne dattijon ya fi yaron gaskiya. Cooper Black na cikin haruffan talla mafiya nagarta da aka taɓa zanawa, kuma dawo da tsofaffin haruffa irinsa aiki ne mai daraja. Ina da ƙorafi a kan masu farfaɗo da shi, ƙorafi babba ma, amma ba irin na yaron nan ba ne. Zan zo kansa.

Wanda ya zana shi

An haifi Oswald Bruce Cooper a 1879 a jihar Ohio ta Amurka, ya tashi a wani gari da ake kira Coffeyville a jihar Kansas. Tun yana saurayi ya shiga maɗaba'a a matsayin yaron shago. Daga baya ya tafi Chicago ya shiga makarantar koyon zane ta Frank Holme, inda Frederic Goudy, ɗaya daga cikin manyan masu zana haruffa na Amurka, yake koyar da rubutun hannu. A 1904 shi da abokinsa Fred Bertsch suka buɗe shagonsu, Bertsch & Cooper, suna yi wa kamfanoni rubutun talla.

Wannan asali yana da muhimmanci. Cooper ɗan kasuwa ne mai rubutun talla da hannu, abincinsa ya dogara ne ga ko mai wucewa zai tsaya ya karanta. Rubutun da ya yi wa kamfanin motoci na Packard ya yi farin jini har kamfanin American Type Founders ya mayar da shi haruffan ƙarfe a 1913.

Kamfanin Barnhart Brothers & Spindler na Chicago, masu zuba haruffan darma, su suka jawo shi ya fara zana haruffan ɗab'i da sunansa. Ya fara da masu matsakaicin kauri, waɗanda aka sani da Cooper Old Style. A 1922 aka fitar da mai kaurin gaske, Cooper Black.

Duk wanda ya ƙura masa ido zai ga abubuwa uku. Babu kusurwa mai kaifi ko ɗaya a jikinsa, hatta 'yan ƙafafun da ke ƙarshen sandunan haruffa a dunƙule suke. Farin da ke cikin O da Q a karkace yake zuwa baya, irin yadda alƙalami mai faɗin baki ke bari idan hannu ya ja shi. Ɗigon da ke kan i da j kuma ba zagayayye ba ne sosai, ɗan miƙaƙƙe ne a kishingiɗe. Waɗannan ƙananan abubuwa su suka sa harafin, duk da nauyinsa, bai yi kama da wanda inji ya yanka ba. Hannun mutum na nan a ciki.

Ana danganta wa Cooper wata magana cewa ya yi haruffan ne domin masu ɗab'i masu hangen nesa waɗanda abokan cinikinsu ba sa gani da nisa. Ko a nan aka tsaya, an san mutumin ya fahimci sana'arsa.

"Ai tsohon yayi ne"

Wannan ce hujjar farko da ake kawowa, kuma ita ce mafi rauni. Tsohon yayin wace shekara? Domin Cooper Black ya yi tashe sau uku, kuma kowane tashe da dalilinsa.

Na farko a shekarun 1920 ne, lokacin da kasuwancin Amurka ke bunƙasa, jaridu suka cika da tallace-tallace, kowane mai haja na neman muryarsa ta fi ta maƙwabcinsa. A wancan zamani sayen haruffa ba wasa ba ne. Kowane girma da nasa akwatin darma, mai maɗaba'a sai ya cire kuɗi ya sayi ƙanana, ya sayi matsakaita, ya sayi manya, ya nemi inda zai ajiye su. Duk da haka suka yi ta saye. Kamfanin ya ƙaro 'yan'uwansa: mai ɗan farin layi a jiki da ake kira Cooper Hilite, mai karkata, da matsattse na wurin da fili ya yi kaɗan.

Abokan hamayya ba su zauna ba. Ludlow suka fito da Ludlow Black, Monotype suka sa Goudy da kansa, malamin Cooper, ya zana Goudy Heavyface a 1925, Linotype suka fito da Pabst Extra Bold. Ba a kwaikwayon abin da ba ya ciniki.

Sannan iska ta juya. Daga Jamus aka fara kiran a yi watsi da kwalliya a koma haruffa miƙaƙƙu marasa ƙafafu. Paul Renner ya fitar da Futura a 1927, Jan Tschichold ya wallafa littafinsa kan sabon tsarin ɗab'i a 1928. Tattalin arziki ya karye a 1929, kamfanin Barnhart ya narke cikin American Type Founders, Cooper ya rasu a 1940. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu salon Suwizalan, mai irin waɗannan miƙaƙƙun haruffa marasa kwalliya, ya mamaye ofisoshin manyan kamfanoni, Helvetica ta fito a 1957. Cooper Black ya koma akwatunan ƙananan maɗaba'u, yana buga farashin kayan miya da sanarwar gwanjo.

Tashe na biyu shi ya fi ba ni sha'awa, domin na'ura ce ta jawo shi. A zamanin darma, kowane harafi na zaune a kan ɗan ginshiƙinsa na ƙarfe, ba yadda za a matse biyu su wuce iyakar ginshiƙin sai an fiƙe ƙarfen. Da aka koma ɗaukar haruffa a fim da haske, wannan iyaka ta kau. Kamfanin Letraset na Landan kuma ya fito a farkon shekarun 1960 da takardun haruffa da ake ɗorawa a goga da bakin biro, harafin ya manne. Sai ya zama ɗalibi a ɗakinsa zai iya jera kanun fosta ba tare da ya je maɗaba'a ba, kuma zai iya matse haruffan har su kusa taɓa juna.

Haruffa masu kaifi idan aka matse su sai su yi ta sukar juna. Cooper Black kuwa, da yake ko'ina a dunƙule yake, matsewar ma ƙara masa kyau take yi, kalmar ta zama dunƙule guda mai ɗaukar ido. Cooper bai san da fim ba sa'ad da yake zanensa, amma abin da ya zana ya dace da shi.

A 1966 ya fito a bangon faifan mawaƙan Beach Boys mai suna Pet Sounds. Daga nan ya bazu a bangon faya-fayai, da sunayen shirye-shiryen talabijin, da mujallu. Zanen barkwancin kyanwar nan Garfield, wanda ya fara fita a 1978, da shi ake rubuta sunansa. A daidai wannan lokaci shagunan riguna suka riƙa sayar da haruffan da ake mannawa a riga da dutsen guga, kuma da yawansu siffar Cooper Black ce. Dalilin a fili yake: harafi mai siririn baki yakan ɓanɓare daga tsinin bayan wanki kaɗan, mai dunƙulallen baki kuwa ba shi da tsinin da zai fara ɗagowa, kuma ya fi sauƙin yankawa. Samarin unguwannin New York da suka fara rawa da waƙar hip-hop sun sa sunayen ƙungiyoyinsu a riguna da irin waɗannan haruffa.

Na uku shi ne na zamanin kwamfuta. A 1995 Stelios Haji-Ioannou ya kafa kamfanin jiragen sama na easyJet a Ingila, mai arhar tikiti. Ya rubuta sunan kamfanin da Cooper Black cikin ruwan lemo, har lambar wayar sayen tikiti ya sa aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin jiragen farko. Saƙon shi ne: wannan jirgin na kowa ne, kada ka ji tsoron farashi. Bayan shekaru, da manyan kamfanoni suka gaji da sirara-siraran haruffan da suka sa tambarin kowa ya yi kama da na kowa, sai suka waiwayo. Kamfanin yogot na Chobani ya sauya tambarinsa a 2017 zuwa haruffa masu taushi na wannan dangi, kamfanin aika saƙonnin imel na Mailchimp ya ɗauki Cooper Light, ƙaninsa mara nauyi, a 2018, gidan abinci na Burger King ya koma haruffa masu kumburi a 2021.

To, abin da ya yi ciniki a darma, ya yi a fim, ya yi a riga, ya yi a jikin jirgi da fuskar waya, ta yaya za a kira shi tsohon yayi? Sirara-siraran da yaron ya kira na zamani, iyayensu Futura da Helvetica ne. Futura ƙanwar Cooper Black ce da shekara 5 kacal.

"Ya yi yawa, kuma ba shi da aji"

Wannan hujja ta fi ta farko nauyi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Cooper Black na zuwa tare da Microsoft Office, sannan CorelDRAW, wanda yawancin shagunan zane a garuruwanmu ke aiki da shi, ya daɗe yana zuwa da haruffan kamfanin Bitstream, ciki har da dangin Cooper. Ke nan duk wanda ya kunna kwamfuta yana da shi a hannu. Shi ya sa ake ganinsa a allon mai shayi, da katin suna, da fostar ɗan takarar kansila, da bangon littafin firamare.

Na yarda ana wulaƙanta shi. Za ka ga an ja shi an miƙar har ya rame, ko an danne shi ya baje. Za ka ga an zagaye shi da layi, an sa masa inuwa, an zuba masa launi huɗu. Mafi muni, za ka ga an rubuta sakin layi guda da shi, ƙanana-ƙanana, har farin cikin a da e ya toshe, ido ya gaji kafin layi na uku.

Amma laifin wa ke nan? Haruffan ɗab'i iri biyu ne. Akwai na karatu, waɗanda ake cika shafin littafi da su, aikinsu su ɓuya mai karatu ya manta da su. Akwai na talla da kanun labari. Waɗannan aikinsu aikin sanƙira ne a bakin kasuwa: ya ɗaga murya, ya faɗi kalma uku ko huɗu, jama'a su juyo. Ba wanda ke ɗaukar sanƙira ya karanta masa wasiƙa mai shafi biyar, kuma in an yi haka abin ya yi muni, ba za a ce muryarsa ce ba ta da kyau ba.

Batun aji kuma, a nan ne nake ganin akwai abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Tun a shekarun 1920 masana ɗab'i masu ra'ayin riƙau sun yi tir da Cooper Black, suna ganin ya cika hayaniya. Abin da ke damun irin waɗannan mutane, jiya da yau, shi ne harafin na talakawa ne. Mai kanti ke amfani da shi, da mai gidan abinci, da mai gwanjo. Ni kuwa wannan ne ma ya sa nake girmama shi. Yawancin haruffa masu kauri fuska a murtuke suke, suna ba da umarni. Wannan yana da ƙarfi amma fuskarsa a sake take, yana kiran mutum ba tare da ya tsorata shi ba. Haɗa waɗannan biyu a harafi ɗaya abu ne mai wuya, kuma kaɗan ne suka iya.

Akwai kuma zancen ido, wanda masu zane matasa ke mantawa. Allon shago ba a fuskar kwamfuta ake karanta shi ba. Ana karanta shi ne daga kan babur, daga tsallaken titi, cikin ƙurar hunturu, bayan rana ta cinye rabin launinsa. Mutane da yawa da ke buƙatar tabarau ba su da shi, wasu kuma karatun bokonsu harafi-harafi ne. Siririn layi shi ne farkon abin da ke ɓacewa a irin wannan hali.

Ba na cewa a sa shi ko'ina. Ba zan so in gan shi a takardar ta'aziyya ba, ko a allon kotu, ko a kwalin magani inda ake rubuta yawan ƙwayar da za a sha. Fara'arsa ba ta dace da waɗannan wurare ba.

"Farfaɗo da tsohon abu lalaci ne"

Wasu kuma, musamman masu zanen da suka yi karatu, cewa suke yi ai komawa ga haruffan 1922 alama ce ta ƙarewar basira. Me ya hana a ƙirƙiro sabo?

Wanda ya faɗi haka bai duba tarihin abin da yake karantawa kullum ba. Times New Roman, wanda aka yi wa jaridar The Times ta Landan a 1932, ya ɗauko tsarinsa daga Plantin na 1913, shi kuma Plantin daga haruffan Robert Granjon na ƙarni na 16. Garamond da Caslon da Baskerville da ke cikin kwamfutoci duk sake zanawa ne na aikin mutanen da suka mutu ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Sana'ar haruffa haka take tafiya tun farko, kuma Bahaushe ya riga ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai farfaɗowa iri-iri ce, kuma a nan ya kamata a yi gardamar. Dokar Amurka ba ta ba siffar harafi irin haƙƙin mallakar da take ba littafi. Abin da aka fi iya karewa shi ne sunan da kuma manhajar. Wannan ya buɗe ƙofa ga masu gaggawa: a ɗauki hoton tsohon bugu, a bi gefensa, a sauya suna, a kai kasuwa. Lokacin da kamfanoni ke rige-rigen mayar da haruffansu na kwamfuta a shekarun 1980 da 1990, an yi irin wannan aiki da yawa. A zamanin ƙarfe, ƙwararru kan gyara zanen gwargwadon girma, su buɗe farin cikin ƙananan haruffa don kada tawada ta cike shi. A kwamfuta sai aka ɗauki zane ɗaya aka ce ya yi wa kowane girma aiki.

Akwai kuma masu yin aikin da gaske. Bitstream sun gina dangi guda daga zanen Cooper, daga siriri zuwa mai kauri, yadda mai zane zai iya sa kanu da Cooper Black ya sa bayani da ƙaninsa mara nauyi. Miles Newlyn, wani mai zana haruffa a Birtaniya, ya sake gina shi da sunan New Kansas, ya daidaita shi da fuskar waya da kwamfuta. Irin wannan aiki na buƙatar mutum ya fahimci dalilin kowace lanƙwasa kafin ya taɓa ta, ya san abin da Cooper ya yi da gangan da abin da darma ta tilasta masa. Wannan ba aikin malalaci ba ne.

Ma'aunina ke nan: farfaɗowar kirki ita ce wadda ta sa tsohon harafi ya yi aikin da bai iya yi a da, ga mutanen da bai kai gare su a da ba. Da wannan ma'aunin ne nake da ƙorafi.

Inda aka bar mu

Buɗe kwamfutarka, ka zaɓi Cooper Black ɗin da ya zo da Office, ka rubuta "Ɗaurin Aure". Duba abin da zai faru. Haruffan duk za su fito da kaurinsu, ban da na farko. Ɗ ɗin zai fito siriri, baƙo, daga wani salon dabam, domin babu shi a cikin manhajar, kwamfuta ta aro shi ne daga wani wuri. Haka "Ƙungiya", haka "Ɓangare". Wani lokaci ma ɗan akwati ne zai fito a gurbinsa.

Me mai shago zai yi? Zai goge ƙugiyar ya rubuta D kawai, ko ya manna waƙafi a gefe, ko in mai himma ne ya zana wata 'yar lanƙwasa da hannu wadda ba ta dace da jikin harafin ba. Kalmar da ta fi kowace yawa a katunan gayyata na ƙasar Hausa ke nan, kuma da wuya ka gan ta an rubuta daidai da manyan haruffa.

Ba na zargin Cooper. A 1922 yana yi wa 'yan kasuwar Chicago aiki ne, kuma a lokacin ma haruffa masu ƙugiya ba su zauna a rubutun Hausa ba. A shekarun 1930 suka samu gindin zama, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939 tana cikin abin da ya saba wa mutane da su. Amma tsarin Unicode, wanda kwamfutocin duniya ke bi, ya ba waɗannan haruffa gurbinsu tun farkon shekarun 1990. Wanda ya zauna yau ya sake zana tsohon salo, ya sa masa alamomin Faransanci da Jamusanci da Folanci, har da na harsunan da masu magana da su ba su kai mutanen Kano ba, ya tsallake ɓ da ɗ da ƙ, ya yi aikin rabi. Hausa na da masu magana miliyoyi da dama, kuma ɓ da ɗ da ƴ ba namu kaɗai ba ne, Fulfulde ma na amfani da su daga Senegal har Kamaru.

Za a ce, ai mai karatu na ganewa ko ba ƙugiya. Sau da yawa yana ganewa, gaskiya ne. Amma banar da aka so ta yi maraba da baƙi, ta koma tana maraba da baki, ba abin alfahari ba ce. Abin da ya fi damuna shi ne yara. Yaro na koyon ƙa'idar rubutu a aji, ya fito titi ya ga duk manyan rubuce-rubuce, waɗanda aka kashe wa kuɗi, ba su bi ta ba. Wanne zai ɗauka da muhimmanci? A hankali sai ƙugiya ta zama abin jarrabawa kawai.

Haruffan karatu sun samu sauƙi. Ƙungiyar SIL, mai aikin nazarin harsuna, ta yi Charis da Andika da Gentium, Google na da Noto, duk suna ɗauke da haruffanmu. Tun shekarun 1980 ma an yi yunƙurin samar da haruffan bai-ɗaya na harsunan Nijeriya, wanda shahararren mai zana haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a ciki. Ko a ɓangaren ajami, SIL ta fitar da Alkalami, wanda aka gina a kan rubutun Kano mai kauri na alƙalamin kara. Wannan misali ne na farfaɗowar da nake nufi: an ɗauki salon da ke hannun malamai, an yi nazarinsa, an sa shi a kwamfuta ba tare da an kashe masa kamanni ba. Giɓin da ya rage yana wajen haruffan talla na boko, waɗanda su ne ke kan tituna.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba

Haruffa takwas ake magana: Ɓ, ɓ, Ɗ, ɗ, Ƙ, ƙ, da Ƴ, ƴ na 'yan'uwanmu na Nijar, inda ake rubuta ƴ a gurbin 'y na Nijeriya.

Ba zan ce abu ne mai sauƙi ba. A harafi mai kauri fili kaɗan ne. Ƙugiyar ƙ dole ta fito daga saman sanda ta lanƙwasa dama ba tare da ta faɗa kan hannun harafin ba. Ta ɗ kan yi karo da harafin da ke biye, musamman in an matse kalmar, kuma matsewa ita ce kyan Cooper Black. Manyan Ɓ da Ɗ ƙugiyarsu a hagu take, tana buɗe rami tsakaninsu da abin da ya gabata. In aka yi ta siririya ta zama baƙuwa, in aka yi ta da kauri sosai ɗ ya rikiɗe ya zama tabo.

Amma Cooper ya bar jagora a cikin aikinsa. Kan harafin f ɗinsa da kunnen r sun nuna yadda yake lanƙwasa layi mai kauri ya ƙare shi a dunƙule. Wanda ya yi nazarin waɗannan biyu zai san yadda ƙugiyarmu za ta kasance da a ce shi ya zana ta.

Manhajar da ta zo da Office tana da sharuɗɗan lasisi, ba a buɗe ta a yi mata ƙari yadda aka ga dama. Zanen 1922 kuwa yana nan a tsofaffin littattafan samfur na kamfanin Barnhart, kowa na iya zama ya zana nasa daga tushe. Akwai manhajar zana haruffa ta kyauta, FontForge, akwai kuma lasisin OFL da ke ba kowa damar ɗauka ya ƙara ya raba. Sassan koyar da zane a jami'o'inmu da kwalejojin fasaha, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suna yaye ɗalibai kowace shekara, kuma kowane ɗalibi sai ya yi aikin kammalawa. Ina so in ga wanda zai ɗauki wannan a matsayin nasa: ya zana haruffan, ya buga su a ƙyallen talla, ya kafa a bakin kasuwa, ya tsaya daga tsallaken titi ya ga ko ana bambance ɗ da d daga nesa, sannan ya sake su kyauta ga masu shagunan buga kati.

Masu sayen lasisin haruffa a cikinmu, kamfanonin talla da gidajen jarida da masu wallafa littattafai, su ma suna da abin yi tun yau. Kafin ku biya kuɗin kowane salo, ku rubuta "Ɗaurin Aure" da "Ƙungiya" a akwatin gwaji na mai sayarwa. In ƙugiya ba ta fito ba, ku rubuta masa ku gaya masa dalilin da ya sa kuka fasa saye.